Ƙuri'ar Gwaggo Masaye

Gwaggo Masaye Kuwahara yayar mahaifina ce. Ita kaɗai ce mace cikin 'ya'yan kakanmu huɗu, an haife ta a gonar inabi a bayan garin Fresno na Amurka a 1921. Na taso na san ta mace ce mai kaifin harshe, wadda ba ta zama a biki har a tashi. Sai da na yi aure, muna zama ni da ita a tsakar gida muna ɓarar wake, ta riƙa ba ni labarinta guntu-guntu.

Tana da shekara goma sha tara aka ɗauke ta makarantar koyon jinya. Saura wata biyu ta fara, wasiƙa ta zo daga ƙauyen kakanmu da ke bakin teku a Wakayama ta ƙasar Japan, wai tsohuwarsa ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, ba mai kula da ita.

"Girbi ya zo, wa zan cire cikin mazan nan?" in ji Kaka. "Wata shida ne kawai. Tsohuwar ba za ta ga bayan hunturu ba."

"Baba, makarantar fa?"

"Makaranta tana nan, ba inda za ta."

Tsohuwar ta yi shekara huɗu tana kwance. Kafin Gwaggo ta cika shekara biyu a can jiragen ruwa sun daina zirga-zirga, yaƙi ya ɓarke tsakanin Japan da Amurka.

A ƙauyen ba wanda ya ɗauke ta tasu. Japanancinta na kicin ne, tafiyarta da faɗin taku, in za ta yi dariya ba ta rufe baki. Amurka suke kiran ta. In jiragen yaƙin Amurka suka wuce ta sama, matan bakin rijiya sai su ce, "Amurka, gaya wa 'yan'uwanki su bi rufin gidana a hankali, bara aka yi shi." Duk wata wani ɗan sanda yakan zo ya zauna a bakin ƙofa da littafinsa. Wata rana ya tambaye ta ko za ta yi murna in Amurka ta ci yaƙi.

"Ranka ya daɗe, in tsohuwar nan ta haɗiye kununta ba ta tofa min a fuska ba, murnata ke nan ta yau."

Ya rubuta hakan ma.

Yunwa ta fi ɗan sandan tsanani. Ta ba da takalmanta da rigar sanyin da ta zo da ita aka ba ta dankali. Suka ci ganyensa, suka ci ciyawar teku, suka ci abin da a da kaji ake ba. Tsohuwar ta rasu a 1944, har ta mutu ba ta riƙe sunan jikarta ba, baƙuwa take ce mata. Duk tsawon lokacin nan wasiƙa ko ɗaya ba ta zo daga gida ba. Ba ta san an kwashe iyayenta da 'yan'uwanta, tare da duk mai jinin Japan a yankinmu, an zube su a wani sansani a hamadar Arizona a bayan waya mai ƙaya ba.

Bayan an gama yaƙi da 'yan watanni, tana gona tana tonon dankali, motar soja ta tsaya a bakin hanya. Wani sojan Amurka ya fito yana tambayar gidan Kuwahara. Mahaifina ne, Noboru, wanda ta bari yana ɗan shekara goma sha biyar. Daga sansanin aka ɗauke shi soja, aka turo shi Japan yin tafinta.

Ya tsaya yana duban ta, ga alama bai tabbata ba. "Yaya?"

Ta dube shi daga hula har takalmi. "Nobi, wa ya ara maka wando?"

Daga nan suka zauna a kan kunyar dankali suna kuka. Ya ba ta sabulu da naman gwangwani, ya ba ta labarin sansani: ɗaki ɗaya su biyar, ƙura cikin shinkafa, hasumiya da bindiga.

"Sun kulle ku, kuma ka sa musu kaki?"

"To ya zan yi, Yaya? Ke dai ki ƙara haƙuri. Takardar haihuwarki tana wajen Mama. Da an buɗe hanya za ki dawo."

A watan Afrilun 1946 aka yi zaɓe, karo na farko da aka bar mata su jefa ƙuri'a a Japan. Sojojin Amurka da ke riƙe da ƙasar suna son a ga mata a layi. Motoci suka yi ta yawo da lasifika, mahaifina ma yana cikin masu riƙe lasifikar a wata jiha. Dagacin ƙauye ya bi gida-gida. Aka kuma baza magana cewa wadda ba ta fita ba kada ta zo layin rabon shinkafa. Gwaggo ta wanke ƙafa ta tafi. Ba ta san ko ɗaya cikin 'yan takarar ba, sai ta zaɓi sunan da ya fi sauƙin rubutawa.

Da shekara ta zagayo aka fara karɓar takardun masu komawa gida. Ta yi yini guda a tsaye cikin jirgin ƙasa zuwa ofishin jakadancin Amurka. Ma'aikacin da ta samu mai fara'a ne, har ya ce ya taɓa ratsa Fresno da bazara, zafi ya kusa kashe shi. Yana tambaya yana cike takarda. Ta yi wa sojan Japan aiki? A'a. Ta yi rantsuwar biyayya ga sarki? A'a. Ta taɓa jefa ƙuri'a a ƙasar nan?

"E, bara."

Ya ajiye alƙalami. Ya ce doka ce, duk ɗan Amurkan da ya jefa ƙuri'a a zaɓen wata ƙasa ya saki ƙasarsa da hannunsa.

"Ku ne fa kuka ce mu fita."

"Wancan sojoji ne, Malama. Nan wani ofishi ne daban."

"Ai tutar iri ɗaya ce a ƙofar."

Ya ce ya yi mata baƙin ciki ƙwarai, ya kira wadda ke bayanta.

Da ta zo nan a labarin, Gwaggo ta jefa ɓawon wake a kwando ta ce min, "Wadda ke bayana a layi tare muka jefa ƙuri'ar, na gan ta da idona. Ta ce a'a. Kafin ƙarshen shekara tana Los Angeles. Ni kuwa an koya min gaskiya a makarantar gwamnati."

Shekara takwas ta ƙara a can, tana wanki da guga a barikin sojojin Amurka. Matan hafsoshi suna yaba Turancinta, suna tambayar inda ta koya. Da farko tana faɗa musu, daga baya ta gaji, sai ta ce a bakin guga ta tsinta. Mahaifiyarta ta rasu a 1951. Wasiƙar ta iso bayan mako uku da binnewa, da hoton akwatin gawar a ciki.

Daga baya aka gyara dokar, aka ce irinsu su zo su yi rantsuwa a mayar musu da ƙasarsu. Ta sauka a San Francisco a 1955, tana da shekara talatin da huɗu. Kaka ya je tarbarta. Ya dube ta ya ce, "Kin rame." Daga nan har gida farashin zabibi yake ba ta labari.

Makarantar jinya ta ce shekarunta sun wuce. Ta shiga kamfanin da ake zuba zabibi a kwali, ta yi shekara ashirin da takwas a tsaye tana tsince tsakuwa da kara. A gida kuwa, in aka zauna cin abinci hirar sansani ake yi: wa ke layi na nawa, wa ya auri wa, ranar da iska ta ɗauke rufin banɗaki. Har dariya suke. Sau ɗaya ta ce ita ma ta ga yunwa. Babban wansu, Baffa Shigeru, ya ce, "Ai ke kina can ɓangarensu."

"Ɓangaren wa, Yaya?"

Ya miƙa hannu ya ɗebi kifi. Ba ta sake ɗauko maganar a teburin ba.

A 1967 Kaka ya kwanta ciwo, ba ya iya tashi. 'Ya'yansa maza da matansu suka taru a falo, mahaifiyata tana wurin. Baffa Shigeru ya yi ta kewaye-kewaye, wai kowa yana da iyali, wai ita ba miji ba ɗa, ga shi hannunta ya saba da jinya.

"Wata nawa?" in ji Gwaggo.

"Likita ya ce ba zai daɗe ba."

Ta yi dariya, ba ta rufe baki ba. "Na yi nawa. Ku uku ne, da mata uku. Ku raba."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Shekara biyu matan Baffa Shigeru da Baffa Tadao ba su gaishe ta a haikalin da ake zuwa ibada ba. Amma duk Lahadi takan zo, ta zauna a gefen gadon Kaka ta fere masa tuffa, ƙarfe huɗu ta tashi. Ta ce min tana jira ne ta ji ko zai ce wani abu. Lahadin ƙarshe ya riƙe mata hannu, ya daɗe yana motsa baki, ta sunkuya. Cewa ya yi a tuna wa Shigeru ya gyara famfon gona.

A 1990 takardun neman afuwa suka fara zuwa daga gwamnati ga waɗanda aka tsare a sansani. Mahaifina ya sa tasa a gilashi ya rataye a falo. Gwaggo ta zo, ta sa tabarau, ta karanta daga sama har ƙasa.

"Tawa tana hanya ko?"

"Wa zai aiko miki, Yaya?"

"Abin da nake tambaya ke nan."

Mahaifina ya tashi ya shiga kicin, wai zai duba shayi, ya daɗe bai fito ba.

Ta rasu a 1997, a ɗakin da take haya a bayan haikali. Ta bar wa malamin haikalin takarda cewa a yi mata addu'a a taƙaice, kuma kada a bar kowa cikin 'yan'uwanta ya tashi ya yi jawabi. Baffa Shigeru ya zo da nasa a rubuce, shafi biyu. Ya zauna da shi a aljihu har aka tashi.