Wayar da Na Kai wa Yaya a Bayan Madadi

Ana sallame sallar asuba muka bar Kabuga, ni da wani abokina mai mota, da waya a ƙasan jakata na naɗe ta da tsohuwar riga. Wayar satalayit ce, irin wadda ba ruwanta da sabis ɗin gari, da sama kai tsaye take magana. Yayana zan kai wa. Yana zaune da shanunmu a wata ruga bayan Madadi, inda kira ba ya shiga. Bara da Baba ya rasu a Kano, sai da aka dawo daga maƙabarta sannan saƙo ya iske shi ta bakin ɗan acaɓa. Yanzu kuma Inna ce a kwance, jiki ya ƙi, ni kuwa na rantse ba za a maimaita ba.

Wajen zaɓen wayar na sha yawo. A ƙarshe wani mai shago ya ajiye mini iri biyu: ƙarama mai saurin cinye caji, da ƙatuwa mai eriya kamar muciya, wadda batirinta ke jimawa kuma ba ta tsoron ruwa ko faɗuwa. Na tambaye shi ko suna kamawa a ɗaki. Ya ce ina, dukansu sai mutum ya fito fili ya ɗaga eriyar sama. Na ce ai in dai fili ne, Yaya yana da shi har ya yi yawa. Na ɗauki babbar ina jin kaina gwani. Kuɗinta kada ma ku tambaya, maraƙi guda ne ya tafi.

Hanya ba laifi har Rimin Gado, daga nan ramuka suka fara gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. A Kabo muka karya da waina da miyar taushe. Wainar ta ƙanƙance, in ka yi atishawa sai ta bar faranti, mai tuyar kuma ta ce mu tuhumi shinkafa. Gaba kaɗan muka tarar da 'yan sa-kai sun gitta katako mai ƙusoshi. Ɗayansu ya leƙo, ya daɗe yana kallon jakata kafin ya ce mu wuce.

A Gwarzo muka ajiye mota muka hau babura. Wanda ya ɗauke ni tun kafin ya tayar ya gindaya sharaɗi: ana kiran la'asar zai juyo, ko da mu ko babu mu. Dawa ta yi tsayi ta rufe hanya hagu da dama, gonaki sun yi kyau, amma ba ka jin muryar kowa a ciki. Mun wuce gidaje da aka toshe ƙofofinsu da ƙaya.

Na sami Yaya ya rame. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da jiki da gajiya, aka kawo fura da nono mai kauri. Sannan na ja shi bayan garke, na zaro eriya, na kira ƙanwarmu da ke jinyar Inna. Wallahi kamar suna bayan zana. Yaya ya riƙe wayar da hannu biyu ya ce, “Inna, ina wuni? Yaya ƙarfin jikin?” Daga nan ya juya mini baya, ya ci gaba da magana da ita. A raina na ce maraƙi bai tafi a banza ba.

Baffa, ƙanin mahaifinmu, yana zaune a gindin ƙirya yana kallonmu. Da muka dawo ya ce, “Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Amma wannan abin, mayar da shi inda ka samo.”

Raina ya ɓaci, har na fara ɗaga murya. Ya bari na gama. Ya ce a rugar da ke gabansu akwai wani da ya saba hawa dutse neman sabis don ya kira matarsa. Aka ce shi ke ba 'yan bindiga labari. Mutanen gari suka yi masa duka, a amalanke aka dawo da shi gida, har yau bai taka ƙafarsa ba. “Shi fa ƙaramar waya ce irin ta kowa. Ina ga makiyayi a tsakiyar fili da wannan mai ƙaho? In mutanen gari ba su zo ba, na dajin za su zo nemanta.”

Na ce to a ɓoye ta a ɗaki. Ina faɗa na tuna maganar mai shago: ba ta kamawa a ɗaki. Yaya da kansa ya naɗe ta a rigar ya sa mini a jaka, bai dube ni ba. Ɗan acaɓa ya fara danna oda.

Muka kamo hanyar Kano ni da abokina. Abin da tafiyar nan ta koya mini mai ɗaci ne: na yi tambaya a kan batiri da ruwa da caji, ban tambayi yadda za a kalli wanda ke riƙe da ita ba.

Na shiga wajen Inna ina tsoron haɗa ido da ita. Na zayyana mata komai, na ajiye wayar a gefen katifarta. Ta shafa eriyar da yatsa. Can ta ce, “Ka kyauta da ka dawo da ita. Na ji muryarsa, ya ishe ni. In lokaci ya yi ku kai ni kawai, kada ku jira shi. Gara ya ji a bakin ɗan acaɓa, yana da ransa.”