Iska Ba Ta Son Tsawa

A gidanmu na Ƙofar Rini, in sanyi ya shigo, Kaka Ige kan hura wuta a tsakar gida bayan isha'i, mu jikokinta mu kewaye ta. Sai dai iskar da ke kutsowa ta zaure ba ta da tarbiyya. Ta kwashi hayaƙi ta watsa mana a ido, mu koma can, ta bi mu. Da mun fara tsaki, sai Kaka ta jawo tatsuniyarta ta iska, wadda muka ji har ta gundure mu. Ba kura, ba dodo, ba wanda aka cinye.

Wai wata mata ce mai gaggawa ta so sheƙe geronta, amma iskar garinsu gashinta a cukurkuɗe yake, duk inda ta bi sai ta haɗa tsaba da ƙaiƙayi. Matar ta zage ta, iska ta ƙara hauka. Ta tara maƙwabta suka yi ta kaɗa ta da faifai, rabin gero ya ƙare a ƙasa. Da ta gaji, ta kafa karan dawa layi-layi, ta tsayar da zana a bayansu. Iska ta ratsa ta fito a kwance, ƙaiƙayi ya yi gefe.

"To, mi kunka ji?" in ji Kaka. "Iska ba a yi mata tsawa, tsehe ta akai awa gashin ɗiya."

Mu dai hawaye muke, na hayaƙi da na takaici.

Yanzu ina koyar da injiniyanci a wata makaranta. Bara ɗalibata Nafisa ta ƙera bututun gwajin iska: dogon akwati, fanka na zuƙo iska ta cikinsa, a saki siririn hayaƙi a ga yadda yake bin ɗan fiffiken jirgi. In hayaƙin bai miƙe ba ranar jarrabawa, za ta maimaita shekara. Nata kuwa murɗewa yake kamar guguwa. Na sa ta sayo babbar fanka, abu ya ƙara dagulewa. Na yi ta faɗa, ita kuma duk abin da ta liƙa sai ya karkace.

Ran nan haushi ya rufe mini baki, na zauna. A cikin shirun ta ce, "Malam, da ka bar ni in hwaɗi, so nikai in tace iskar tun bakin shiga."

Ta ɗaure tsinkayen shan lemo dami guda kamar saƙar zuma, ta sa ragar sauro a bayansu, ta mayar da ƙaramar fankarta. Hayaƙi ya miƙe sambal. Ta ci jarrabawarta.

Har yau abin na ci mini rai. Da furfurata sannan na gane Kaka ba da iska take ba, da masu baki irina take. Ashe a ɗakin gwajin nan, ni ne babbar fankar.