Ni Na Karanta, Shi Ya Fassara

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, ranar Alhamis, Malam Mustafa ya cika a gidansa da ke unguwar Gorton. Mu uku ne a ɗakin: ni, 'yarsa Halima, da nas. Yau shekara biyar ke nan.

Bature ne, Musulmi tun kaka da kakanni, daga ƙabilar Tatar ta tsohuwar daular Poland da Lithuania. Ni kuwa direban bas ne mai ritaya, iyakar karatuna allo da firamare. A masallaci ya ga ina rubuta cefane da ajami, ya riƙe hannuna.

Washegari ya kawo littafin addu'o'in da ya gada. Haruffan na Larabci, harshen nasu. Shi yana jin harshen, bai san haruffan ba. Ni na san haruffan, ba na jin ko kalma. Sai na kafa doka: kowace Talata, ƙarfe biyu, laburaren unguwa, shafi ɗaya. In karanta, ya fassara.

"Alhaji," in ji shi, yana share hawayen dariya, "kakana ne ke magana, amma da bakin Kano!"

"Dattijo, nutsu. Saura layi huɗu."

Shi ya ba ni labarin ƙasarsu bi da bi. Rasha, Prussia da Austria suka yi ta yankar ta. Yankan farko, yanka na biyu, a na uku aka share sunanta daga taswira. Ƙauyensu ya wayi gari a hannun Rasha. Tsofaffi ba su fasa kwafar littafin ba.

Bara ƙaramar hukuma ta rufe laburarenmu, wai tsuke bakin aljihu. Na ji haushi ƙwarai. Da yana nan, dariya zai yi ya ce daula sukutum ta ɓace ba a daina karatu ba, balle ɗaki mai teburi shida. Sannan zai ce in ɗora shayi.

Mun tsaya a shafi na casa'in da ɗaya. Littafin yana wurin Halima a unguwar Small Heath ta Birmingham, kuma tana jin harshen kamar mahaifinta. Nakan je Birmingham duk wata in karanta mata, har muka ƙara talatin. Yanzu ɗigon haruffa sun fara gauraye mini, likita ya ce yanar ido ce. Saura shafi goma sha tara, kuma Halima ba ta taɓa jin ƙarshensa ba.

Mai karatu, in kana Birmingham kuma ka iya ajami, ka sanar da editan wannan shafi. Ba sai ka fahimta ba. Ka karanta a hankali, da ƙarfi, kuma ka zo a kan lokaci.