Ya Huce, Shifu

Ranar da Timu ya fara tsayawa a gaban teburina, na ɗauka ba shi da cikakken hankali. Ni ce mai awarar ƙauyen Maogou. Tun ina amarya nake kai wa sufayen haikalin Rijiya Biyu awara, tunda su ba sa cin nama, kuma babu irin mutumin da ban gani ba a bakin hanyar dutsen nan. Amma Bature zanƙalele da jaka a baya, hancinsa ya riga shi isowa, wannan kam sabo ne a wajena. Na ɗaga yankan awara na nuna masa, alamar ko yana so. Ya girgiza kai. Na mayar da abata. Ya tsaya yana kallon tiren yana haɗiyar yawu. Na sake ɗagawa, ya sake girgiza kai, har da murmushi.

Na ce da mijina, "Tsoho Geng, zo ka kore min wannan. Ba ya saye, ya kuma tare min rana."

Sai daga baya muka gane. A ƙasarsu, Bulgariya, girgiza kai shi ne "eh", gyaɗa kai kuma "a'a". A ƙauyen nan an daɗe ana dariyar abin. Mijina ya ce mutanen da aka ɗora wa kai a baibai, ko uban wa zai koya musu kung fu?

Sunansa Tihomir, harshenmu ya gaza, muka yanke shi ya koma Timu. Bayan idonsa kuwa Dogon Hanci ake ce masa, wani lokaci ma a gaban idon. A gida gyaran tarakta yake yi. Ya sayar da kayan aikinsa ya taho, ya fara sauka a manyan makarantun cikin gari inda ake koya wa baƙi tsalle-tsalle a ɗauke su hoto, abin bai kwanta masa ba. Wani mai tasi ne ya gaya masa akwai wani tsohon sufi a kan dutse, Shifu Jinghe, wato Malam Jinghe, wanda ya san na gaske amma ba ya karɓar kowa. Ka san halin ɗan Adam, ƙofar da aka rufe ita yake so.

Shifu bai kore shi ba, bai kuma karɓe shi ba. Tsintsiya ya miƙa masa. Timu ya yi shara, ya ɗebo ruwa, ya faskara itace, ya ci kunun gero da ganyen da aka jiƙa a gishiri har wandonsa ya fara zamewa. Da aka ga bai gudu ba, sai aka sa shi tsayuwar doki: ka ware ƙafa ka durƙusa kamar kana kan doki alhali babu dokin, a kunna tsinken turare, ba ka tashi sai ya cinye. Nakan iso da kwandon awara in tarar da shi a tsakar haikali, cinyoyinsa na rawa, gumi na ɗiga daga wannan hanci ko da dusar ƙanƙara na sauka.

"Yaya Suzhen," in ji shi da gurɓataccen harshensa, "turaren nan naku, wa yake yin shi da tsawo haka?"

"Maƙiyanka," na ce. "Sauka ƙasa, Shifu na leƙenka ta taga."

Yana yaro ya ɗan yi dambe irin na ƙasarsu, kuma wannan ne ya fi ba shi wahala. Sai ya shekara yana koyon yadda ake tare duka da buɗaɗɗen tafi, ya iya tsaf, amma da Shifu ya kawo masa sandar tsintsiya ba zato, sai hannuwansa su dunƙule su tashi gaban fuska kamar yadda ya saba a gida. Na ji da kunnena ranar da Shifu ya ce masa, "Ka gani? Abin da ka sha a nono shi ke fitowa in an matse ka. Nawa da na koya maka yana yawo a sama kamar mai a kan miya. Maimaita, har ya shiga ƙashi."

Haka ma kan nasa. Duk sanda ya girgiza a wurin "eh", Shifu ya ƙwanƙwashe shi da mafici. A hankali ya koyi gyaɗawa kamar mutane, har muka manta ya taɓa yin ta baibai.

Abu ɗaya Timu yake so a duniya, kowa a Maogou ya san shi. Yana so Shifu ya sha shayinsa. Mai koyo daban, almajirin gida daban. Sai ka durƙusa ka ɗaga kofin shayi da hannu biyu, malam ya karɓa ya kurɓa, sannan ya zama ubanka, ya raɗa maka suna a jerin gidansu, ranar da ya mutu ka tsaya a sahun 'ya'ya. In bai sha ba, ko ka shekara ɗari kana masa shara, baƙo ne kai.

Sabuwar shekarar farko da ya ga ya isa, ya yi wanka, ya ari riga mai tsabta, ya durƙusa. Shifu ya taɓa kofin da yatsa ya ce, "Ya yi zafi. Ajiye."

Wawan Allah-bar-shi, sai ya ɗauka zancen shayi ake. Da shekara ta zagayo ya dafa tun da wuri ya ajiye a kan taga har ya yi sanyi ƙalau, ya kawo. Shifu ya taɓa ya ce, "Ya yi zafi. Ajiye." Ya sauko wajena fuska a rikice yana cewa ya rantse ko ƙanƙara ba ta fi shi sanyi ba. Na yi dariya har na riƙe ciki, sannan tausayinsa ya kama ni.

"Ƙanena," na ce, "ba kofin yake nufi ba. Kai yake nufi."

Ya ce, "To yaushe mutum yake hucewa?"

Sai na yanka masa awara.

Ni na san inda gizo yake saƙar. Shifu ya taɓa shan shayin mutum ɗaya, Changhu, ɗan ƙauyen da ke bayan namu. Ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Da Changhu ya ga ya iya, ya sauka gari ya buɗe makaranta, ya kafa hoton tsohon a bakin ƙofa, yana hawowa dutse shekara-shekara da kwalin kek da mai ɗaukar hoto. Wata rana ina ajiye kwando na kasa haƙuri na ce, "Shifu, wannan bawan naka Timu fa? Gwiwoyinsa sun ƙare a tsakar gidan nan."

Ya ce, "Baƙo raɓa ne, Suzhen. Na ɗan ƙasa ma na sha ya ƙona ni."

Shekaru suka yi ta tafiya. Timu ya aske kai, ya daina cin nama, ya iya harshenmu har da zagin kasuwa. Sandar faɗa ta dawo kamar wani hannunsa na uku. Sannan labari ya zo mahaifiyarsa ta rasu, kuma ya zo a makare, an riga an binne ta. Ya tafi. Masu zaman gindin bishiya suka ce shi ke nan, raɓa ta ga rana. Mijina ma haka ya ce. Kafin a gama girbin alkama sai ga shi ya dawo, ya rame, ya kawo min kwalbar zumar fure ta ƙasarsu, ya ce ya bar wa ƙanwarsa gidan. Washegari ya ɗauki tsintsiyarsa.

A sabuwar shekarar da ta biyo ina wurin. Shifu ya karɓi kofin a hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya daɗe yana kallon cikinsa. Sai tsohon ya ce a hankali, "Da saura," ya ajiye. Na ji haushinsa ranar, kuma har yau da ya mutu ya zama toka ban gama hucewa ba. Mutumin kirki ne, amma tsoron a sake cutarsa ya sa ya cuci wanda bai ci masa komai ba.

Daga baya ɓarin jikin Shifu ya shanye. Sufayen da suka rage a haikalin tsofaffi ne, su ma ta kansu suke. Timu ne ya goya shi zuwa rana ya dawo da shi inuwa, shi ya wanke shi, shi ya ba shi kunu cokali-cokali yana share masa haɓa. Ba a ƙara zancen shayi ba. Sabuwar shekara ta zo ta wuce, Timu bai durƙusa ba, ya ce ba zai tsare mara lafiya da roƙo ba.

Ranar da abin ya faru, kaka ce, masara na shanye a kan rufin ɗakuna. Na hau da hantsi na tarar tsohon ya kwana yana fama, numfashinsa na fita da ƙyar. Na tsaya a bakin ƙofa da kwandona. Timu na zaune a kan kujera a gefen gado riƙe da kofi, yana jiƙa masa leɓe da ruwan shayi a tsumma. Sai Shifu ya buɗe ido, idon nan tar kamar na da. Ya dubi kofin, ya dubi Timu. Muryarsa ta fito a sarari.

"Shayin nan naka. Ya huce?"

Timu ya zame daga kan kujera ya faɗi a kan gwiwoyinsa. Ya ɗaga kofin da hannu biyu, shayin na zuba a yatsunsa. Ya buɗe baki, kuka ya toshe shi, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Sai kansa ya amsa. Hagu, dama, hagu, dama, da dukan ƙarfinsa, kamar ranar da ya fara tsayawa a teburina.

Shifu ya dube shi. Hannunsa mai lafiya da ya fara tasowa ya koma kan bargo.

"To," ya ce. "Mu jira."

Ya lumshe ido.

Na saki kwandon. Na ce, "Shifu, eh yake nufi, irin ta garinsu ce. Timu, buɗe baki ka faɗa masa." Sai a lokacin Timu ya gane abin da kansa ya yi. Ya matsa kusa da kunnen tsohon yana ta faɗi, "Ya huce, Shifu. Ya huce. Ga shi, ya huce." Ya kai kofin bakinsa, shayin ya gangaro ta gefen leɓe ya jiƙa matashi. Tsohon ya ci gaba da numfashi har rana ta karkata, bai sake buɗe ido ba.

Na sha gaya wa Timu cewa Shifu ya ji. Na ce ai shi ne ya yi ta ƙwanƙwasarka da mafici, ya fi kowa sanin kanka, wataƙila ma tsokanarka yake. Yakan ce, "Wataƙila, Yaya." Ni da shi duk mun ga yadda hannun ya koma.

Ranar ƙona gawa Changhu ya hawo da motoci da ɗalibai cikin rigunan ruwan ɗorawa. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai yi wulaƙanci ba. Ya ja Timu gefe ya riƙe masa hannu ya ce, "Na san abin da ka yi masa, ni ban yi rabinsa ba. Amma ka san ƙa'ida. Bai sha ba."

Timu ya gyaɗa kai. Ban tambaye shi da yaren wace ƙasa ya gyaɗa ba. Changhu ya tsaya shi kaɗai a sahun 'ya'ya, ɗalibansa a bayansa, waɗanda ba su taɓa jin muryar tsohon ba. Timu ya tsaya can baya tare da mu 'yan ƙauye, tsakanina da mai gyaran keke. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ni dai na ga wanda ya dafa.

Yanzu gashin da ke tsiro wa Timu fari ne. Gwiwoyin sun ƙi tsayuwar doki. Tun da Tsoho Geng ya rasu, shi yake saukowa ya juya min dutsen niƙan wake, in biya shi da awara da faɗa. Ƙanwarsa ta gaji da roƙonsa ya koma ƙasarsu. Har yau a ƙauyen nan Timu ne, ba shi da wani suna.

Akwai 'yar hasumiyar dutse a bayan haikali inda aka ajiye tokar Shifu. Kwanan baya na biyo ta can don hanyar gaba ta yi santsi, na hango shi. Ya ajiye kofi a gindin hasumiyar, ya tsaya ƙiƙam, yana gyaɗa kai. Sama, ƙasa, a hankali, ya tsaya, ya sake, kamar yadda yake maimaita naushi a da. Na jira ya gama bai gama ba.

"Kai kuma lafiya?" na ce. "Wuyanka ne ya sage?"

Bai juyo ba.

"Cewa ya yi a maimaita har ya shiga ƙashi, Yaya," in ji shi. "Ban sani ba ko zai sake tambaya."