Eko Ya Maido Muna Baba

"Wannan ba muryar Malam ba ce," in ji Inna, ta kau da kai.

Jiya ke nan, a shagon wani mai gyaran sauti nan Konni. Mun kai mishi tsohon kaset na marigayi Babanmu, mai shelar garinmu can wajen Illela, don a juye muna shi a waya kafin zaren ya tsinke. Mutumin ya cire shuuu ɗin nan, ya rage bas, wato kaurin sautin, murya ta fito tas kamar Baba na zaune gabanmu.

Ni har na fara jin haushi. Duk wannan tafiya, sannan ta ce ba shi ba ne?

Ta ce, "Ni ban taɓa jin shelarshi kusa ba. Daga tsakar gida nike jinta, tana dukan bangon masallaci tana dawowa."

Mai shagon ya murɗa eko kaɗan, kalmomin sunka fara maimaita kansu kurkusa.

"Yanzu yana ƙofar gida," in ji Inna. "Ƙara."

Ya ƙara tazarar maimaicin, ya rage kaifin muryar, sai ta yi nisa.

"Tsaya nan! Ya kai bakin rijiya. Daga nan yake juyowa, ni kuma in tashi in dama mishi hura."

Ta rufe fuska da mayafi.

Ashe ni murya na je nema, ita kuwa nisan ta riƙe shekara da shekaru. Ku fa, wane sauti ke maida ku gida?