Koren Hasken da ke Cikina

Yaya Binta, daren jiya na yi wani mafarki. Ke kaɗai zan iya faɗa wa, don Allah kar ki fara min faɗa sai kin ji ƙarshe.

Kin dai san aikin digirina. Sinadarin nan da muke shafawa a ɗan gilashin da bai fi farce ba, in an ba shi wuta ya ba da koren haske, wanda ake so a riƙa yin fuskar waya da shi. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne akwai dalma a cikinsa, gubar nan mai lahanta ɗan da ke cikin ciki. Kuma Farfesa, mai duba aikina, bai san ina da ciki ba. Wata biyar ina ɓoye shi da zumbulelen hijabi, don ranar da ya sani ranar zai hana ni shiga ɗakin gwaji, ga shi wata biyu kacal ya rage in gama. Shekara takwas ina neman cikin nan, ke shaida ce. Ko mijina Abdul bai san zancen dalmar ba.

To, a mafarkin na gan ni a ɗakin gwaji, amma kuma madafin Mama ne na tsohon gida. Akwatin gilashin da muke aiki a ciki, wanda ba a barin iska ta shiga don tana kashe sinadarin, an ɗora shi a kan murhu. Na zura hannu cikin baƙar safar robar da ke jikinsa, sai na ga yatsuna sun fito, safar duk ta yage. Garin dalma ya manne min kamar ƙullu. Na wanke, na wanke, ya ƙi fita. Farfesa na tsaye ya ba ni baya, yana ta cewa, "Malama Zainab, hasken bai kai ba." Na ce masa hannuna fa, ko juyowa bai yi ba.

Sai kawai ga ni kwance a asibiti ana min hoton ciki. Allon na'urar ɗan gilashina ne aka faɗaɗa. Ga yaron nan a duƙunƙune yana haske kore shar, irin hasken da na yi shekara uku ina nema ban samu ba. Yaya, kin san me ya fara zuwa raina? Wallahi ba addu'a ba ce. Cewa na yi a miƙo min ma'auni in auna shi kafin ya dushe. Ni fa, uwarsa! Tir da ni.

Sai kawai wani ya buɗe taga, iska ta shigo. Hasken ya fara mutuwa daga gefe-gefe yadda na gilashina ke yi kullum, ƙafa tukuna, sannan hannu. Na sha ganin haka, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Ina ihu a rufe taga, murya ta ƙi fita. Wata nas da ban ga fuskarta ba ta miƙo min takarda biyu, ta digiri da ta haihuwa, ta ce, "Hajiya, a ɗaya za ki sa hannu." Na tsaya ina juya biro. Da na ɗago kai, saura ɗigo ɗaya kore a ƙirjinsa yana ƙyaftawa.

Nan kiran assalatu ya tashe ni. Na dafa cikina, shiru. Yaron da ke shurina duk asuba! Na sha ruwan sanyi, na kwanta ta hagu, na kira shi da sunan Baba, shiru. Yanzu haka Abdul na tayar da mota za mu asibiti, yana tambayata me ya faru, na kasa haɗa ido da shi. Na tsani kaina, Yaya.

Ke kike fassara mana mafarki tun muna yara, kar ki lallaɓa ni. Gargaɗi aka yi min in bar ɗakin nan tun da sauran lokaci, ko labarin abin da ya riga ya faru aka kawo min?