Kalmar da Na Rubuta a Goshin Motar Yaya

Shekarar da yayana ya sayi babbar mota, ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba, ni kuma ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a garinmu, can kan hanyar da ta taso daga Mayahi zuwa Tasawa. Gujiya ce ke riƙe da kowa a lokacin. In kaka ta yi, buhuna ne tsibi-tsibi a bakin kasuwa suna jiran abin da zai kwashe su zuwa Tasawa. Raƙuma da jakuna su yi iya yinsu, sauran sai motocin baƙi in sun ga dama. Yaya ya dubi wannan, ya lallashi Inna har ta yarda aka sayar da shanun da mahaifinmu ya bari. Ya tsallaka Katsina, ya dawo da wata tsohuwar mota mai tari kamar tsohon da ya sha taba. Arzikin gidanmu kaf ya koma kan ƙafafunta. In ta yi aiki mu ci, in ba ta yi ba mu kwana haka.

A wurin direbobi, mota ba ta fara aiki ba suna. Ana rubuta shi a allon da ke goshinta, kuma abin da aka rubuta shi ne mutane za su riƙa kiran direban da shi har ya tsufa. Yaya ya ga motocin Najeriya duk da Ingilishi a goshi, shi ma ya ce sai Ingilishi. Ya same ni a lakwal bayan yara sun watse.

"Mushe," haka yake kirana in zai tsokane ni, yadda 'yan lakwal ke kiran malami da Faransanci, "ai ka ce an koya maku Ingilishi a Maraɗi. To yau ranar amfaninsa ce. Ba ni kalma mai nauyi, wadda in an gan ta za a kauce hanya."

Ingilishin nawa bai taka kara ya karya ba, amma abin da na sani na san shi. Na tsuguna na rubuta masa kalmomi biyu a ƙasa. Ɗaya gajera ce, ta ƙarfi irin na inji da na bijimi. Ɗayar doguwa, Authority. Na ce masa na rubuta ta ne don ya ga bambanci kawai. Ita ba ta ƙarfe ba ce, ta mutumin da in ya ce a tashi a tashi, in ya ce a zauna a zauna. Ba a ɗora ta sai a kan wanda ke da ita.

Yaya bai ji ko ɗaya ba. Ya auna kalmomin da tafin hannu, ya tafi ya auna allon motar, ya dawo.

"Gajerar nan ba ta cika allo. Sa mini doguwar."

Raina ya ɓaci. Na ce masa kalma ba yadin riga ba ce da za a saye ta don tsawo. Ya ce shi ne babba, motar kuma tasa ce. Na yi ta masifa ina dama fenti, na yi ta masifa ina hawa tsani, amma na rubuta. Kuma wallahi rubutun ya yi kyau, ja a kan fari.

Kalmar ta yi kama ƙwarai da ta Faransanci wadda rediyo ke maimaitawa safe da yamma in ana zancen sabuwar gwamnati. 'Yan ajina ma sun karanta ta ba wahala, suka kai gida. Kafin kasuwa ta sake ci, Yaya ya zama Mai Iko a bakin kowa. Yara na bin motar suna kiran sunan, shi kuma yana ɗaga masu hannu yana washe baki. Shekarun nan kuwa ba na wasa da irin wannan kalma ba ne. Mulki sabo ne a hannun masu shi, kowa yana kula da bakinsa.

Wani ya kai magana fada. Na san ko wane ne, amma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansa. A kasuwarmu ba a ɗora wa mota buhu ko ɗaya sai da yardar sarki. Ranar da aka kafa sikelin awon gujiya, Yaya ya kawo mota ya tsaya, sai ga dogari. Ya ce sarki ya ce kada a loda, kuma gobe da hantsi mai motar da mai rubutun su zo.

Da muka koma gida na ɗauko sauran fentin na ce mu shafe. Yaya ya riƙe hannuna. Ya ce ba a goge wa mota suna sai in ta kashe mutum, kowa ya san haka daga nan har Korgom. In aka ga sabon fenti a goshinta, ba manomin da zai ba ta buhunsa, ba matar da za ta bar ɗanta ya hau. Ga kalma ba ta goguwa, ga ta ba ta barinmu mu yi aiki. Inna ta ture kwanon tuwonta gefe, ta ɗauki carbi. Ni tsoro na ji, haushin Yaya kuma ya cika ni har na kasa kallonsa.

Da hantsi muka tuɓe takalma muka shiga zauren fada, muka faɗi muka yi gaisuwa. Sarkin dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Ya bar mu a tsugune har ƙafata ta fara mutuwa, sannan ya dube ni.

"Kai ne malamin da ya rubuta?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Mi take nufi? Kada ka rage mini komi."

Na yi tunanin in ce ƙarfin inji take nufi. Amma akwai mai Faransanci a cikin fadawa, kuma bakina ya ƙi. Na ce, "Allah ya ba ka nasara, iko take nufi, ikon da ake yi da mutane."

"To ikon wa ke tafiya cikin motar nan?"

Yaya ya buɗe baki, na take masa ɗan yatsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, na gaya masa tun farko, ba a ɗora kalmar nan sai a kan mai ita. A ƙasar nan kuwa ba mu ba ne."

Sarki ya murza goro a hannunsa. Ya tambayi Yaya ko allon yana daidai saman kujerar gaba ne. Yaya ya ce i. Ya tambaye shi ko motar tana iya yashin hanyar Tasawa. Yaya ya ce tana iyawa ko da kaya.

"An kira sarakuna taro a Tasawa gobe," in ji sarki. "Na gaji da isa kan doki ina tarar da wasu sun sauka daga mota. A share kujerar gaba, ni zan zauna a ƙarƙashin rubutun. In ina ciki, ai malam bai yi ƙarya ba." Ya juya ga dogari. "A loda mata gujiya yau, kada mu tafi da ita wofi."

Ban san yadda na fito daga zauren ba. Na dai tuna na sa takalmin Yaya, shi ya sa nawa, ba wanda ya lura sai da muka kai kasuwa.

Da asuba aka shimfiɗa darduma a kujerar gaba. Sarki ya hau, dogari ya haye bisa buhuna, gari ya fito kallo. Motar ta yi tarinta, ta yi gurnani, ta ja. Yaran da ke kiran Mai Iko suka ci gaba da kira, sai dai yanzu duk hannunsu a dunƙule yake wajen tagar da rawani yake. Na koyar da yara ranar nan, amma kunnena yana kan hanya.

Bayan la'asar muka ji ƙararta. Ta shigo ba buhu ko ɗaya a bayanta. Sarki ya sauka a bakin kasuwa yana kaɗe riga, ya ce wa masu sikeli daga yau motar gida ce farko, ta baƙi sai in ta tafi. Ya wuce abinsa.

Yaya bai sauko ba. Na zagaya na buɗe ƙofarsa da niyyar in zazzage masa duk abin da na tara a ciki. Na same shi ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa na girgiza. Na tsaya riƙe da ƙofar har ya ɗago, ya share fuska da hularsa.

"Ƙanena," ya ce, "ruga ka gaya wa Inna ta ci abinci."